Kafin ka kashe kuɗi kan shiga sabar daga nesa

Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa da ya ajiye sabar (kwamfutar da ke riƙe bayanan kasuwanci) a ofis, yana son duba lissafi daga gida, kada ya yi saurin zuwa Beirut Road sayen sabuwar na'ura. Ya fara karanta abin da kwamfutar ta rubuta masa lokacin da shiga ta gagara.

"Connection refused" na nufin ka isa, amma babu mai amsawa a ƙofar (port, lambar da kowace manhaja ke sauraro a kanta): SSH, hanyar shiga sabar da rubutaccen umarni, bai tashi a ƙofa ta 22 ba, ko RDP, hanyar ganin allon Windows daga nesa, a ta 3389. "Permission denied" kuma matsalar makulli ce, sau da yawa umarnin chmod 600, wanda ke hana kowa karanta fayil sai mai shi, a kan fayil ɗin makullin SSH ya isa. Duka biyun ba sa cin ko kwabo.

"Timed out" ne mai cin kuɗi, domin galibi ko isa ba ka yi ba. Buɗe shafin rautar ofis, na'urar da ke raba intanet, ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin layi ya ba ta. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin layi ya haɗa ka da wasu kwastomomi a adireshi guda, abin da ake kira CGNAT. Layukan SIM galibi haka suke. Komai ƙofar da ka buɗe a rauta, saƙo daga waje ba zai same ka ba.

Kana iya sayen tsayayyen adireshin IP (adireshin intanet naka kai kaɗai da ba ya canzawa), kana biya duk wata. Tambayi kamfani tun kafin ka biya kuɗin layi, ba kowane tsari ke bayar da shi ba. Kuma don Allah kada ka bar 3389 a buɗe ga duniya, ta nan masu kulle fayiloli su nemi fansa suke yawan shigowa.

Ga ƙaramin ofis, Tailscale nake ba da shawara, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya (VPN). A kan fasahar VPN ta WireGuard aka gina shi, kuma sabar ce da kanta ke fita neman haɗi, don haka CGNAT ba ya tare ta. Tsarin kyautarsa na amfanin kai ne, kasuwanci sai a duba na biya.

AnyDesk da TeamViewer sun fi sauƙin sakawa, sai dai hoton allo suke turowa, suna shan data, kuma aikin kasuwanci sai da lasisi.

In da RDP za ka yi aiki, sayi Windows Pro, Home ba ya karɓar shiga daga nesa. Ka haɗa da UPS, batirin ajiyar wuta, da zai riƙe sabar da rauta tare, sannan ka shiga BIOS, saitin farko na kwamfuta, ka sa sabar ta kunna kanta idan KEDCO suka dawo da wuta.