Wayar girke a Ingila: amsar saƙon Yaya

Yaya, barka da war haka. Ina fatan kuna lafiya, da Hajiya da yara da yaran shago. Saƙonka ya iso, wanda ka ce in sayi wayar tebur irin ta ofis in ba mai zuwa ya kawo maka, ka girke a kemis masu saye su riƙa kira. Kada ka sa in saya. Ba don tsada ba: a shaguna irin su Argos mai igiya ta talaka ba ta kai fam 20 ba. Dalilin shi ne in ta iso Kano ba inda za ka jona ta.

A tsohon tsarinsu na nan, haɗa ta ba wani aiki ba ne. Igiyar nan mai murɗe-murɗe ita ke haɗa abin karawa a kunne da jikin wayar, sai wata doguwa da ke fita daga bayanta zuwa wani ɗan farin soket a bango, yawanci kusa da ƙofar shiga gida. Kana ɗagawa ka ji ƙugin nan mai tsawo, to layi ya kama. Ana kuma sayar da marar igiya wadda za ka yi yawo da ita cikin gida, amma mazauninta sai an jona shi da lantarki. Filoginsu na wuta iri ɗaya ne da namu, mai baki uku, shi kam zai shiga bangon shagonka. Ɗan farin soket ɗin ne ba ka da shi, kuma shi ne komai, domin bayansa igiyar tagulla ce ta bi ƙarƙashin ƙasa ko saman turaku har ofishin haɗa layi na unguwa.

Galibin igiyoyin nan kamfanin Openreach ke kula da su, amma ba da shi kake ciniki ba. Za ka zaɓi BT ko Sky ko TalkTalk ko wani, ka sa hannu a yarjejeniyar wata 12 ko 18 ko 24, su riƙa cirar kuɗinsu daga asusunka na banki duk wata, ko ka kira ko ba ka kira ba. Wannan ya bambanta da sabonmu na sa kati, in babu a haƙura. Idan gidan yana da layi tun da, daga can suke buɗe shi. In babu, su ba ka rana, su ce da safe ko da yamma ma'aikaci zai zo. A iya abin da na gani, ranar da suka faɗa suna zuwa.

Kai ka fi ni tuna zamanin NITEL, lokacin da lambar Kano ke farawa da 064, ta Kaduna 062, gida ɗaya ko biyu ke da waya a unguwa, ana aiken yaro da gudu ya kira wanda aka bugo wa. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan duk Najeriya wajen 400,000 ne kacal. Ba mu kai ga ja wa kowane gida igiya ba wayar hannu ta riske mu. Su nan sun riga sun ja tun kakanninsu, shi ya sa har yanzu tana da masu ita.

Masu ita ɗin kuwa yawanci tsofaffi ne, kuma ka san aikina a Sheffield shi ne bin su gida-gida ina kula da su. Akwai tsohuwar da lambarta ta girmi 'ya'yanta, ta haddace ta, ƙawayenta sun haddace, asibitin unguwa da ita suka san ta. Ana yi musu waya mai manyan madannai, wata ma da gurbin sa hoto, ka danna fuskar ɗanka ta kira shi. Da yawansu suna rataye da wani ɗan madanni a wuya ko a hannu. In mutum ya faɗi a banɗaki ya kasa tashi sai ya danna, wata na'ura da ke jone da layin gidan ta kira masu gadin dare da rana, su yi masa magana, su turo taimako. Na sha isa gida in tarar abin nan ne ya hana tsoho kwana a ƙasa cikin sanyi. Haka in aka kira 999, lambar gaggawa ta nan, da wayar gida, mai amsawa yana ganin adireshin gidan ko da mai kiran ya kasa magana. Wannan, wallahi Yaya, shi nake yi wa gida kwaɗayi. Mu ma muna da 112, sai dai ba kowane lungu ke da suna da lambar gida da motar asibiti za ta bi ta zo ba.

Akwai 'yan lambobi da kowa ya sani: 1471 ta faɗa maka wanda ya kira na ƙarshe, 141 kafin lamba ta ɓoye taka, 1571 ta karanto saƙon da aka bar maka. Kiran Najeriya kuwa sai ka fara da 00 234 ka jefar da sifirin farko, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne, don haka mu ta WhatsApp muke gaisawa da ku.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne 'yan damfara. Sun san wa ke zaune kusa da wayar girke da rana. Su bugo su ce daga banki ne, ko daga 'yan sanda, su tsorata tsohuwa ta faɗi lambobin katinta. Akwai rajistar TPS da ake sa lamba kyauta don kamfanonin talla su daina kira, amma ɓarawo bai san rajista ba. Duk gidan da na shiga, ina roƙon 'ya'yan su sayi waya mai tace kira, wadda sai baƙo ya faɗi sunansa kafin ta yi ƙara.

To su ma yanzu suna rufe tsohon layin. Da an sa Disambar 2025, aka ɗaga zuwa ƙarshen Janairun 2027, kuma tun Satumbar 2023 aka daina sayar da irinsa ga sababbin masu nema. Lambarka tana nan, wayarka ma tana nan, amma maimakon bango, bayan na'urar intanet ta gida za ka jona ta, murya ta bi intanet. A nan matsalar take. Tsohon layi daga ofishin waya yake samun wutarsa, wajen bolt 50, ta cikin igiyar kanta, shi ya sa ko an ɗauke wuta mai igiya tana aiki. Sabon kuwa wutar gida na ɗaukewa ya mutu. A Nuwambar 2021 guguwar Arwen ta kayar da turakun lantarki a arewacin Ingila da Sikotland, wasu gidaje suka haura mako ba wuta, waɗanda aka riga aka sauya wa layi suka rasa hanyar kiran agaji. Koken ya yi yawa har BT ta dakatar da sauyin na wani lokaci a 2022. Hukumar Ofcom mai kula da sadarwa ta wajabta wa kamfanoni su sama wa mai dogaro da wayar gida hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa 1 in wuta ta ɗauke, ko batir ko waya mai sim a ciki. A ganina awa 1 ta yi kaɗan ga tsohuwa mai zaman kaɗaici a tsakiyar hunturu. Kai kuma ka auna ta da yadda wuta take a unguwarku.

Buƙatarka dai mai kyau ce. Shago ya samu lambarsa daban, a rubuta a allon ƙofa, ko yaro ya bar aiki lamba ba ta bi shi ba, kuma wayar da ke girke a kanta ba ta shiga aljihun kowa. Abin da zai yi maka wannan yana kasuwar wayoyi ta Farm Centre: wayar tebur mai sim, mai eriya da batir a ciki. Ka tambaya ko tana karɓar sim na kowane kamfani, don wasu a kulle suke. Ka tambaya ko tana kama 4G, don da yawansu tsohon zubi ne. Ka sa sim ɗinka a gwada a gabanka, ka kira a ji ƙarfin ƙararta, tun da bakin titi kake. Sim ɗin kuma a yi masa rajista da sunanka, ba na yaron shago ba. Cajinta ba ya cin wuta, solar ɗin da ke riƙe firjin magani zai ɗauke ta.

Kuɗin da na ware don wayar zan turo maka ƙarshen wata ka saya a can. A gaishe mini da Hajiya, a ce ina nan tafe da kira ranar Juma'a bayan an sauko.