Bulon kokofit mai kilo 5: yadda yake yi da lemun tsami da furanni a tukunya

Masu sayar da dashe da kayan lambu a manyan garuruwa sun fara jera shi kusa da takin zamani: busasshen bulo ruwan ƙasa, naɗe a leda, faɗinsa wajen santimita 30 kowane gefe. Garin ɓawon kwakwa ne, ragowar da ke zuba bayan an tsefe zaren da ake igiya da tabarma, aka shanya aka matse da inji. Yawancinsa daga Indiya da Siri Lanka ake kawo shi, shi ya sa kuɗinsa ke bin dala. Na zuba shi a bokitan fenti masu lita 20 da rabin duro, na dasa lemun tsami mai aure (wanda aka haɗa reshensa da gindin wani lemun), gwaiba, rumman, da furannin hibiskus, bugenbiliya da kariya, har ya ga bazara da damina da hunturu. Kaya ne mai kyau, amma ba abinci a cikinsa. Duk mai sayarwar da ya ce ka juye shi zalla ka dasa bishiya, cinikinsa kawai yake nema.

Bulo ɗaya yana shan ruwa lita 20 zuwa 25, ya kumbura ya ba da lita 60 zuwa 70. Nemi babban baho, don bokiti ba zai ɗauke shi ba. Cikin rabin sa'a gefensa zai fara warwarewa, tsakiyar kuma sai ka fasa ta da hannu. Idan aka cakuɗa shi da sauran kaya, bulo ɗaya ya ishi bokitai takwas zuwa goma, kuma a nan ne kuɗinsa ke fita.

Inda mutane suka fi asara shi ne wanki. Kwakwa bishiyar bakin teku ce, ɓawonta yana ɗauke da gishiri da sinadarin fotasiyam mai yawa, wasu kamfanonin ma a ruwan gishiri suke jiƙa shi. Ko an rubuta a jikin leda cewa wankakke ne, kada ka yarda. Jiƙa shi, juye a buhun shinkafa mai huda, kwarara ruwa har sau uku, sai ruwan da ke fita ya bar kalar shayi. Mai na'urar auna gishirin ruwa ya tabbatar ta nuna ƙasa da 1 a ma'aunin EC (mS/cm). Wanda ba shi da ita ya shuka ƙwayar wake biyar a kofi ya jira mako: in suka fito da koren ganye lafiyayye, an gama, in bakin ganyen ya ƙone, a koma wanki. Lemun tsami ba ya jure gishiri ko kaɗan. Bakin ganyensa ne zai fara bushewa, sannan ya kakkaɓe.

Akwai mataki na biyu da ba a cika faɗa ba. Sabon kokofit yana kama kalsiyam da magnesiyam ɗin da ke cikin takin da ka zuba, ya saki nasa fotasiyam da gishiri a madadinsu. Kai kana ba da taki, bishiya tana yunwa. Maganinsa a jiƙa wankakken garin kwana guda a ruwan da aka narka takin kalsiyam naitiret, giram 1 a kowace lita, sannan a ɗauraye. Idan ba a samu ba, ruɓaɓɓen kashin awaki ko na tumaki mai yawa a cikin haɗin yana rage matsalar. Ana gane rashin magnesiyam a tsofaffin ganyen lemu: su yi ɗorawa tsakanin jijiyoyi, gindin ganyen ya rage kore mai tsini. Cokalin shayi ɗaya na gishirin Epsom (gishiri mai ɗauke da magnesiyam) a lita 5 na ruwa, sau ɗaya a wata, yana gyara shi. In kuwa sabon toho ne ya yi fari-fari jijiyoyinsa na kore, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma sau da yawa ruwan rijiyar burtsatse mai kanwa-kanwa ne sanadi. A tara ruwan sama a duro, shi ne mafita mafi arha.

Haɗin da ya fi yi wa lemun tsami da rumman, a kashi goma: kokofit 3, ƙonannen buntun shinkafa 3, ruɓaɓɓen taki 2, yashi mai gwari-gwari 2. Yashin rafi nake nufi. Rairayi mai laushi toshe ƙofofin iska yake yi. Gwaiba mashayiyar ruwa ce, ana iya kai mata kokofit kashi 4. Hibiskus kam ya fi kowa jin daɗinsa, ko rabi aka sa ba ya damuwa, kuma zubar da ƙunshin fure da yake yi idan ƙishi ya kama shi da rana ya ragu ƙwarai.

Bugenbiliya da kariya labarinsu daban. Bugenbiliya sai ta ɗan sha wuya take fure. A haɗi mai riƙe danshi sai ta yi ta zuba ganye da ƙaya, fure ko ɗaya babu. Kada a wuce mata kokofit kashi 2. Kariya kuwa ruwanta a kumburarren gindinta take ajiyewa, danshi na kwana biyu a saiwa ya isa ya ruɓar da ita. In ka taɓa gindin ka ji ya yi laushi, ta riga ta tafi. Ita yashi da tsakuwa da gutsattsarin gawayi sun ishe ta, ban ga dalilin ɓata mata kokofit ba.

A bazara ne yake nuna amfaninsa. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bokitin da aka cika da ƙasar lambu zalla kan bushe kafin la'asar, ƙasar ta janye daga jikin roba, in ka zuba ruwa ya bi ta gefe ya fice bai taɓa saiwa ba. Haɗin kokofit ba ya haka. Ko ya bushe ƙayau yana karɓar ruwa nan take, kuma ban ruwa ɗaya da sassafe yana kai bokiti har gobe. Ga lemun tsami wannan babban abu ne, domin bushewa da jiƙewa a jere su ne ke sa ya zubar da 'ya'ya tun suna kamar ƙwayar gyaɗa. Sai dai bai hana baƙar roba dafa saiwa ba. A shafa mata farin fenti ko a naɗe ta da buhu, musamman ɓangaren yamma.

A damina abin da ya cece ka shi zai cuce ka. Saman haɗin yana saurin bushewa ya yi haske, alhali ƙasa jagab take, sai mai ban ruwa ya ƙara. Cusa yatsa gaɓa biyu, ko ka ɗaga bokitin ka ji nauyinsa. A Agusta, in ruwa ya jera kwanaki, saiwar lemu tana rasa iska, ruɓa ta shiga: ganye ya yi yaushi ƙasa kuwa a jiƙe, wani lokaci ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga gindin itacen. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu tashi in an taɓa tukunya su ma shaida ce danshi ya yi yawa. Huda bokiti da zazzafar ƙusa, ƙofa takwas zuwa goma masu faɗin santimita 1, wasu a ƙasa wasu a gefe dab da gindi. Ɗora shi kan bulon gini biyu don ruwa ya samu hanya, gara kuma ta rasa mashiga. Al'adar zuba duwatsu a gindin tukunya ba ta ƙara magudana, sai ma ta ɗaga jiƙaƙƙen ɓangaren ya kusanci saiwa. Wurin auren lemu ya tsaya sama da ƙasa da kamar yatsu huɗu.

Taki dole ne, kuma kaɗan-kaɗan, tunda ruwa na wanke shi da wuri. Bokiti mai lita 20, cokalin cin abinci ɗaya na kamfa 15-15-15 duk bayan mako biyar ko shida, a zagaye a bakin bokiti nesa da gindi, a bi da ruwa. Yuriya zalla ganye kawai take kawowa, kuma tana ƙona saiwa a tukunya. A hunturu girma na tsayawa, sai a rage zuwa rabi. Idan farin ɓawo ya taru a saman ƙasa, gishirin taki ne; a kwarara ruwa kamar cikin bokiti biyu ya wanke.

Wasu ƙananan aibobi. Ba shi da nauyi, iskar da ke gaban hadarin farkon damina tana kayar da gwaiba mai tsayi in yashi bai isa a haɗin ba. Nau'in mai laushi sosai yana zaunewa bayan shekara ɗaya zuwa biyu, ka ga ƙasa ta sauka daga bakin bokiti, iska ta ragu. Lokacin nan sai a zare bishiyar, a datse saiwar da ta nannaɗe, a sabunta kashi ɗaya cikin uku na haɗin. In akwai zaɓi, wanda aka gauraya da gutsattsarin ɓawo da zare ya fi daɗewa.

Mai shuka a bene ko baranda, wanda nauyin ƙasa ke damunsa, da wanda yake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, zai mori kuɗinsa. Mai rabin duro da yawa a tsakar gida, ga ƙasar fadama ga taki ga buntu a kusa, zai iya haƙura da shi, ko ya saya don reno da hibiskus kawai. Wajen saye a ɗaga bulon: ya zama busasshe, mai tauri, ba warin ruɓa, ba ɗigon fari. Wanda ya fi kilo 5 nauyi sosai ya sha danshi ko an cika masa yashi. Ragowar da ba a jiƙa ba tana yankuwa da zarto, a ɗaure a leda a ɗora sama inda gara ba ta kaiwa.