Tanti a saman mota ko tirela a baya?

A Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi, masu walda za su ƙera maka ko wanne kake so: karaga a rufin Land Cruiser da za a ɗaura tanti, ko ƙugiyar jan tirela. Na gwada duka biyun a hanyar gandun namun daji na Mole da ke arewacin Ghana.

Tantin rufi ba ya cin wuri, kuma kana kwana nesa da kunama da ruwan ƙasa. Sai dai nauyinsa, kusan kilo 60, yana can sama; a kwana mai kaifi za ka ji motar tana rinjaya. Ga hawa tsani da tsakar dare, abin da Hajiyata ta ce an yi na farko an yi na ƙarshe.

Tirela kuwa tana kwashe jarkokin ruwa, tukunyar gas, har da buhun shinkafa. Ka kwance ta a masauki, ka shiga Larabanga ganin tsohon masallaci da mota sakayau. Wahalarta ribas da taɓon damina, ga shan mai. In nauyin tirela da kayanta ya wuce kilo 750, sai mai birkin kanta.

Mu biyar ne a gida, don haka tirela na riƙe.