Motata Tana Ƙona FAP Kowane Kilomita 100: Sharhi Kan Garajin da Ya Gano Bakin Zaren

Motata ta gazuwal ce, ƙirar 2012, mai injin lita 2. A 2022 na sayo ta daga Kwatano, kafin a rufe iyaka, lokacin tana da kilomita 168,000 a tablo. Shekara ɗaya da rabi ban san akwai wani abu wai shi FAP a ƙarƙashinta ba, domin bai taɓa damuna ba. Sai da hunturun bara ya shigo na fara lura: in na kai yara lakwal na dawo shago wajen kasuwar Dole a Damagaram, na kashe mota na zare makulli, fanka sai ta ci gaba da kuka kamar injin niƙa. Ralanti, wato juyin inji in mota tana tsaye, yana hawa daga 800 zuwa kusan 1,000, ga wani wari na ƙarfe mai zafi yana tasowa daga ƙasa. Da farko sau ɗaya a mako, daga baya kusan duk bayan kwana biyu. Gazuwal ɗin da ke kai ni kwana goma ya koma kwana bakwai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na zaro sandar awon baƙin mai na ga ya wuce layin sama, alhali ban ƙara ko cokali ba.

Ga wanda bai sani ba, FAP shi ne sunan da makanikanmu suka ɗauko daga Faransanci, 'yan Najeriya kuma suna cewa DPF. Matata ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, tana tare kunkunniyar da injin gazuwal ke fitarwa. Peugeot ta fara sa ta a motarta 607 a 2000. Da dokar Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009, ta kuma hau kan kowace sabuwar mota a 2011, sai ya zama kusan duk mai gazuwal da ita take fitowa. Wato kusan duk wanda ya sayo 'yar Turai mai gazuwal ta bayan wannan lokaci, ya sayo ta da FAP, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba. Idan matatar ta cika, kwamfutar mota sai ta ƙara fesa gazuwal a makare, domin zafin salansa ya kai wajen digiri 600 kunkunniyar ta ƙone. Wannan ƙonawa tana cin minti 10 zuwa 20, kuma a mota mai lafiya sai an yi ɗaruruwan kilomita kafin ta sake zagayowa. Wani ɓangare na wannan gazuwal na ƙari yana silalewa ta gefen fistan ya gangara cikin baƙin mai. Shi ya sa man nawa yake hawa, kuma shi ya sa abin ba na wasa ba ne: man da gazuwal ya tsinka ba ya kare inji.

Garaji biyu na fara zuwa. Na farko ya jona kwamfuta, wadda suke kira baliz, ya tilasta wa motar ƙonawa a tsaye, ya goge lambar kuskure, na biya jika 10. Kwana shida fitilar gargaɗi da ke tablo ta dawo. Na biyu ko buɗe gaban motar bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, wannan kayan Turawa ne, ba na ƙasarmu ba ne. A fasa shi a zubar da cikin, a rufe shi a kwamfuta, ka huta." Gaskiya na kusa yarda, domin kowa a gari haka yake yi.

Wani abokina direba ne ya tura ni na uku, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Ƙaramin wuri ne, rumfar kwano da rami ɗaya, maigidan matashi ne da bai wuce sa'ar babban ƙanena ba. Kuɗin bincike jika 15, kuma tun a baki ya gaya mini cewa na bincike ne kawai, ban da gyara. Raina bai so ba. Amma abin da ya biyo baya ya sa na daina ƙorafi a kan kuɗin.

Kafin ya taɓa baliz sai da ya yi mini tambayoyi na kusan minti 20. Ina nake zuwa kullum, tafiyar minti nawa ce, wane mai ake zuba mini a bidanji, wato canjin baƙin mai, ina nake shan gazuwal, yaushe aka taɓa lagireto. Daga nan ya jona, bai tsaya a lambar kuskure ba, ko da yake ya nuna mini su: P2459, wadda ke cewa ƙonawar ta yi yawa, da P0299, wadda ke cewa iskar da turbo ke cusa wa inji ba ta kai yadda ake so ba. Ya ce lamba tana faɗin inda ke ciwo ne kawai, ba ta faɗin abin da ya jawo. Ya buɗe wurin da motar ke rubuta nisan da ta yi tun ƙonawa ta ƙarshe, ya kwatanta da abin da na gaya masa. Lissafi ya nuna tana ƙonawa kowane kilomita 90 zuwa 120.

Sai ya yi mini bayanin da har yau shi nake maimaita wa mutane. Ya ce, "Alhaji, hanya biyu ce. Ko dai matatar tana cika da gaske, ko kuma ana yi wa kwamfuta ƙarya cewa ta cika. Mu fara da mai sauƙi." Akwai wata 'yar na'ura mai siraran tiyo biyu, ɗaya kafin matata ɗaya bayanta, tana auna bambancin matsin hayaƙi. Idan tiyon ya toshe ko ya tsage, ko ita kanta ta lalace, sai ta riƙa ba da labarin ƙarya. Ya kunna makulli bai tada inji ba, awon ya tsaya a sifili, kamar yadda ya kamata. Ya tada, ya taka zuwa 2,500, awon ya hau a hankali ya sauka a hankali. Ya ciro tiyon ya busa, babu toshiya. Wato na'urar gaskiya take faɗi. Kunkunniya ce ke zuwa fiye da kima, sai a nemi daga ina.

A nan ne ya bambanta da sauran. Ya ce mu hau titi, ni ina tuƙi shi yana riƙe da baliz a cinya. Muka kama hanyar Mirriya da sanyin safe, muka je muka dawo. Allurar zafi a tablo ba ta taɓa tsayawa a tsakiya ba, ni kuwa da ina murna da hakan, ina cewa motata ba ta zafi. A baliz ruwan inji bai wuce digiri 68 ba. Ya ce injin irin wannan yana son 85 zuwa 90. Ya tambaye ni, "An taɓa cire maka kalorsta?" Nan take na tuna. A bazarar da ta wuce, cikin zafin Afrilu, wani makanike ya ce a cire ta domin ta ƙasar sanyi ce, na amince. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a garajojinmu, kuma a tsofaffin motoci mutane ba sa ganin illarta da wuri. Amma kalorsta ita ce ke riƙe ruwa har inji ya ɗumama. Babu ita, da sanyin Disamba da Janairu na Damagaram, inji yana aiki a sanyaye, gazuwal ba ya ƙonewa sarai, kunkunniya ta yi yawa. Kuma kwamfuta ba ta son fara ƙonawa sai inji ya yi zafi, in ta fara a makare ni kuma na iso shago na kashe, an katse aikin ke nan, gobe a sake daga farko.

Na ɗauka an gama. Ya ce ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba, domin a kan hanya ya ga matsin turbo yana kasa wanda kwamfuta ke nema duk lokacin da na taka. Ya shiga rami da tocila, ya bi babban tiyon da ke fitowa daga akwatin sanyaya iska. Ta sama lafiya lau. Ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa, akwai danshin mai da ƙura ta manne a kai, da ya matsa robar sai ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa. Ya kira ni na leƙa da kaina. Bayaninsa: na'urar da ke bayan matatar iska ta riga ta ƙirga iskar da ta shiga, kwamfuta ta zuba gazuwal daidai da wannan lissafi, amma wani kaso na iskar ya gudu ta tsagar. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, sakamakon baƙin hayaƙi ne. A tsohuwar mota da tuni kowa ya ga hayaƙin a bayana ya gaya mini. A wannan kuwa FAP yana shanye shi duka, babu abin da ke fita, sai dai ya cika da wuri.

Sauran ya bi su da sauri. Injekta huɗu ya gwada da 'yan kwalabe, abin da suke mayarwa ya zo kusan daidai. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, yana da datti amma yana rufewa, ya wanke. Matatar iska ya ce a jefar, domin an sha busa ta da kwamfareso har takardar ta yi laushi, ƙurar hunturu tana ratsawa.

Maganar baƙin mai ce ta fi yi mini ciwo, domin ita ba ta gyaruwa da canza tiyo. Tun da na sayi motar 20W-50 ake zuba mini, wai mai kauri ya fi dacewa da zafinmu. Mota mai FAP tana buƙatar mai mai ƙarancin toka, wanda aka rubuta ACEA C a jikin galan, tawa C3 littafinta ya ce. Kunkunniya tana ƙonewa, toka ba ta ƙonewa ko an kai digiri nawa. Tana taruwa a ƙuryar matatar tana cinye wuri, kamar rumbun da ƙasa ta cike rabinsa, hatsi kaɗan sai ya cika. Ya kuma ja mini kunne kan gazuwal na bakin hanya da ake sayarwa a jarka, wanda ba ka san daga ina ya fito ko me aka gauraya masa ba. An ƙera waɗannan motoci ne don gazuwal na Turai, wanda tun 2009 farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba.

Yanzu abin da bai yi mini daɗi ba, domin sharhi ba yabo kaɗai ba ne. Ba shi da kayan gyara a hannu. Kalorsta an samu a gari, amma tiyon sai da aka aiko daga Kano, ya ce kwana uku, ya zama tara, kuma ni ne mai kira kullum, shi bai taɓa kirana ya ce ga halin da ake ciki ba. Bai ba ni komai a rubuce ba, awon da na kawo a nan da wayata na ɗauki hoton fuskar baliz. Mutumin da ya karɓi jika 15 na bincike ya kamata ya miƙa takarda, ko da rubutun hannu ne, domin in ka je wani garaji gobe ka nuna. Sannan shi kaɗai ne ya iya aikin, yaransa ba sa taɓa baliz, in ya fita sai ka zauna jira a kan benci har azahar. Kalorsta, tiyo, matatar iska, man C3 da matatarsa, da kuɗin hannu, duka sun tashi jika 95 ban da na bincike. Ba araha ba ne, kuma ya ɗara abin da aka nema a wurina don a fasa matatar.

To me ya sa ban fasa ba? Shi bai yi mini wa'azi ba, ya ce mota tawa ce. Amma na yi tunani: da na fasa, fitila za ta mutu, tsagar tiyo tana nan, turbo yana ta wahalar cike iskar da ke gudu, inji yana aiki a sanyaye, ni kuma ina ganin na warke. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Sannan hayaƙin da matatar ke tarewa ina zai je? A ƙofar lakwal nake tsayawa kowace safiya, salansa daidai fuskar yara ƙanana. Tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Ban ga laifin wanda matatarsa ta narke ko ta fashe, ba shi da kuɗin wata, ya rasa yadda zai yi ba. Wanda nake jin haushi shi ne makaniken da ke cewa a fasa tun bai auna komai ba.

Wata biyar ke nan da gyaran. Na sayi 'yar na'urar OBD da ake jonawa da waya, ina duba nisan da ke tsakanin ƙonawa da kaina, kuma ina rubutawa a bayan littafin shago: 380, 410, 395, sai 460 a makon da na je Magarya na dawo. Ruwan inji yana tsayawa a 88, har cikin zafin Mayu bai wuce gona da iri ba, abin da aka tsorata ni da shi bai faru ba. Baƙin mai yana kan layinsa. In na ji ralanti ya hau ina kusa da gida, ba na kashewa, nakan miƙe hanyar Takeita minti goma sha biyar har ya sauka. Kuma in na je ƙauye ba na ajiye ta kan busasshiyar ciyawa ko kusa da tarin kara, domin zafin da ke ƙarƙashinta a wannan lokaci ya isa tada gobara.

Wanda duk zirga-zirgarsa daga Birni zuwa Zango ce, minti biyar-biyar, ba ya fita gari, shawarata ya nemi mai fetur tun farko, wannan mota ba tasa ba ce. Wanda kuma ya riga ya saya, fanka ta fara yi masa irin tawa, ya nemi mai baliz da zai yarda ya hau titi tare da shi, ya kuma tambaye shi abu uku kafin ya biya: kilomita nawa ke tsakanin ƙonawa, zafin ruwa nawa ne a tafiya, matsin turbo yana kai wanda ake nema ko ba ya kai. Ni dai saura tokar da tsohon mai ya bari. Mun yi da shi bayan damina zai kwance matatar a wanke ta, kuma wannan karon na gaya masa sai da takarda.