Shekarata ɗaya a zaman masu ciwon jijiya

Ni tela ne a Sabon Gari, nan Maradi, kuma tun 2018 aka gano ina da ciwon sukari. Bayan shekara 4 ƙafafuna suka fara. Da rana sai in ji kamar na sa safa mai kauri, ina taka keken ɗinki ban san na taka ba. Da dare kuwa tafin ƙafa ya ɗau zafi kamar an murza masa barkono, ko mayafi ya goge ni sai na zabura. Ba kumburi, ba miki, ba abin da zan nuna wa mutum. Wani ya ce sanyi ne, gwaggona ta ce na taka abin da aka binne. Har mai ɗakina, wadda ba ta taɓa gajiya da ni ba, ta haska ƙafar da tocila wata rana ta ce, "Malam, ni fa ban ga komai ba." Maganar nan ta fi ciwon zafi. Daga nan na koma sayen tramol wurin masu tallar magani, ina ɓoyewa.

Wani da nake yi wa ɗinki ne ya ja ni zuwa zaman. Ana haɗuwa Asabar biyu a wata bayan la'asar, a wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo, mutum 15 zuwa 20. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya ce ke jan ragama. Kowa na ajiye dala 50, wato sefa 250, a taimaka wa wanda kuɗin magani ko na kabu-kabu ya gagara.

Ranar farko ina kwatanta abin da nake ji, ina lalubar kalma, sai wata dattijuwa ta ce, "Kamar tururuwa na tafiya ƙarƙashin fata ko, ɗana? Sai kuma ya fizge ka kamar ka taɓa wayar wuta." Na ce, "Wallahi haka ne, Inna." Ita ba sukari gare ta ba, kuturta ta yi, ta sha magani a asibitin kutare na Danja ta warke, amma jijiyoyin da cutar ta taɓa ba su daina zogi ba. Akwai direban da ya ji ciwon baya zafin ke sauka masa har ɗan yatsan ƙafa. Sababi daban-daban, dare iri ɗaya. Shekara biyu ina neman wanda zai yarda da ni ba sai na rantse ba, ga su cike da tabarma.

A can na fahimci dalilin da parasetamol bai taɓa yi mini komai ba: ba tsoka ce ta ji rauni ba, jijiyar da ke kai saƙo ce ta lalace, take ta kai ƙarar zafin da babu shi. Hajiya mai jan ragamar zaman ba ta rubuta wa kowa magani. Ta dai matsa mini in koma asibiti in faɗi gaskiya game da tramol. Likita ya rage mini shi sannu a hankali, ya sa ni kan amitriptyline da dare. Makon farko baki ya bushe, barci ya yi nauyi, zafin yana nan, har na yi niyyar watsarwa. 'Yan zaman ne suka ce in daure, maganin yakan ɗauki makonni kafin ya kama. Da ni kaɗai ne da na bari.

Su suka koya mini duba tafin ƙafa da madubi kowane dare, zazzage takalmi kafin sawa, da gwada ruwan wanka da gwiwar hannu. A zafin watan Afrilu ma ban ƙara taka yashin harabar masallaci ba takalmi ba. Wata rana madubin ya nuna mini tsinin allura a dunduniya, ban ji shigarsa ba sam. Mai sukari ya san inda ƙaramin miki ke kai mutum.

Akwai abin da ya dame ni. Dandalin WhatsApp na zaman ya cika da muryoyin masu tallar jiƙe-jiƙe daga Katsina da Kano, masu cewa kwana 7 an warke, kuma na san mutum biyu da suka ajiye maganin asibiti saboda su. Wannan sakaci ne, ya kamata a riƙa goge irin saƙon nan take. Sannan mata sun fi mu yawa amma mu muka fi su magana. Da an ware musu ko rabin awa su kaɗai, da sun faɗi abin da ba za su faɗa gaban maza ba. Na kawo maganar sau biyu, har yanzu ana cewa za a duba.

Zafin bai tafi ba. Lokacin hunturu yakan tashe ni wajen ƙarfe 2. Amma na koma ɗinki, na sa wa keken ɗinkin inji don in hutar da ƙafa. Asabar da ta wuce na tafi da mai ɗakina, ta zauna kusa da Inna har aka kira magariba.