Teburin mai shayin Kawo: kakkauran shayi da taswirar mazaɓa

Shekara uku ke nan ina shan shayi a teburi guda a Kawo, cikin garin Kaduna, ɗan nesa kaɗan da gadar sama, a wani lungu da ba shi da allon suna. Ni tela ne a Hayin Banki, kuma idan na rufe shago bayan isha'i ƙafata can take nufa ko ban aike ta ba. Mai teburin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Shi kuma "ɗan masaƙa" yake kirana, tun ranar da na gaya masa a Kakuri aka haife ni, mahaifina kuma a masaƙa ya yi aiki har injinan suka yi shiru.

Bari in fara da abin da ake biyan kuɗi a kansa. Ruwan shayinsa yana shan citta da kanumfari sosai, har ka ji yana ɗan kartar maƙogwaro. Ba ya barin tukunya ta kwana; in ta ƙare, sai ka jira ta biyu ta tafasa. Idan ka ce a haɗa maka mai kauri, ba ya ƙyashin madara, kuma yana sheƙa shi tsakanin kofi biyu har kumfa ta taso. Wainar ƙwansa da albasa da attarugu ba ta da abin kushewa. Indomie ce dai ban yarda da ita ba: yaronsa yana tsula mai kamar ba saye ake yi ba, na yi magana sau biyu na haƙura. Burodi kuwa sa'a ce, in ka zo da wuri ka samu mai laushi, in ka makara ka samu wanda ya sha iska. Kuɗin bai fi na sauran masu shayin unguwar ba.

Amma ba shayin ne ya riƙe ni ba. A ƙarƙashin ledar da ya shimfiɗa a kan teburin akwai fastocin 'yan takara, wani kan wani, tun na masarar ANPP, da alƙalamin CPC, da lemar PDP, har zuwa tsintsiyar APC. Ya ce ba tarawa yake yi don tarihi ba, katakon ne ya tsage, fasta kuma kyauta ake rabawa. Duk da haka idan musu ya yi zafi sai ya ɗaga gefen ledar ya nuna da cokali: ga shi nan, a wannan jam'iyyar ya fara, kafin ya sauya sheƙa.

A wannan teburin na gane cewa na yi shekaru ina zaɓe ban san taswirar garina ba. Wani dare wani ɗan acaɓa daga Rigasa ya zauna yana ta surfa wa ɗan majalisar Kaduna ta Arewa faɗa a kan hanyar layinsu. Baba ya bar shi sai da ya kai aya, sannan ya miƙa masa kofi ya ce, "Yaro, sha shayinka. Kai ɗan Igabi ne, ba naka kake zagi ba." Aka kwashe da dariya, amma gaskiya ya faɗa. Abin da muke kira garin Kaduna a baki ɗaya, a Majalisar Wakilai kashi huɗu ne. Akwai Kaduna ta Arewa, akwai Kaduna ta Kudu, Rigasa da duk yawan jama'arta tana cikin mazaɓar Igabi, su Sabon Tasha da Narayi kuma suna Chikun da Kajuru. Huɗu ke nan cikin kujeru 16 da jihar take da su a majalisa mai mutum 360.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne batun kogi. Na taso da tunanin cewa kogin Kaduna ne iyaka, wato duk abin da ke wannan tsallaken Arewa ne, na wancan tsallaken Kudu. Ashe ba haka ba ne. Tudun Wada, Tudun Nupawa, Unguwar Sanusi da Badikko duk suna wannan gefen ruwa, amma Kaduna ta Kudu suke, tare da Makera da Kakuri da Barnawa da Television. Shi ya sa waccan kujerar take da wuyar sha'ani: dole mai nemanta ya san hanyar Kasuwar Barci, ya kuma san hanyar coci-cocin tsallake. Tamu ta Arewa ita ce mai gundumomi 12, kuma Baba yana jero su yana juya ƙwai ba tare da ya ɗaga kai ba: Kawo, Hayin Banki, Unguwar Dosa, Badarawa, Unguwar Sarki, Unguwar Shanu, Gabasawa, Kabala, Shaba, Gaji, Unguwar Liman, Maiburji. Na gwada haddacewa, kullum Maiburji nake mantawa.

Wannan batu na tsallake ba wasa ba ne a wurina. Bayan rikicin Fabrairun 2000 muka kwaso kayanmu daga Kakuri a bayan akori-kura, wasu kuma waɗanda suke wannan gefen suka yi can. Na 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka ƙara tsaga garin. To idan mutane suka yi ƙaura, ƙuri'a ma ta yi ƙaura. Akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Kirista, da yake zuwa teburin jefi-jefi daga Kabala. Shi da Baba sukan tuna lokacin da ma'aikatan masaƙa da na reluwe suke haya a gida ɗaya, kowa da yarensa, ana ba juna tuwon salla da shinkafar Kirsimeti. In suna wannan hirar ba mai katse su, har masu ihun ƙwallo sukan sassauta.

Baba ɗan PRP ne tun na asali, ba ya ɓoyewa, kuma wannan shi ne babban aibin majalisar in kana neman alƙalin da ba shi da ɓangare. Duk inda hira ta faro, a kan Balarabe Musa za ta sauka: yadda ya ci gwamna a 1979, yadda majalisar da NPN ta fi rinjaye ta hana shi kafa kwamishinoni, yadda ta tsige shi a watan Yunin 1981. Zai nuna kudu da ludayi ya ce a Lugard Hall aka yi wannan aika-aikar, kamar jiya abin ya faru. Ra'ayinsa shi ne talakan birnin nan tun zamanin NEPU jininsa na adawa ne, ko da yake a nan gwamnatin Sardauna ta zauna, a nan kuma aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Wani malamin makaranta da ke zama a ƙarshen benci yakan ce a'a, ba adawa ba ce, guguwa ce: ta Buhari ta kwashe unguwannin nan tun kafin a haifi APC, kuma a 2015 ko wa aka tsayar a ƙarƙashin tsintsiya zai wuce.

Ni dai na fi karkata ga malamin, sai dai zaɓen 2023 ya rikita lissafin su biyun. Samaila Suleiman, wanda ya riƙe kujerarmu tun 2015 a APC, ya koma PDP ya sake nema, Bello El-Rufai na APC ya kayar da shi. A rana guda kuma, 25 ga Fabrairu, PDP ta kwashe kujerun sanata uku na jihar, Atiku ya zo na ɗaya a ƙuri'ar shugaban ƙasa a Kaduna. Makonni uku bayan haka Uba Sani na APC ya ci gwamna da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu 11 ba a kan Isa Ashiru na PDP. Wato mutane sun iya raba ƙuri'a, wannan takarda lema, waccan tsintsiya. An kwana biyu ana wannan musu a teburin, a daidai lokacin da takardar Naira ta yi ɓatan dabo. Baba ya buɗe littafin bashi ya ce kowa ya sha, in kuɗi sun fito a biya. Nawa sai da ya kai sati biyar.

Ga mai niyyar zuwa, akwai abubuwan da ya kamata ya sani. Benci biyu ne kacal, ɗaya yana da ƙusa a gefen hagu, ta taɓa yaga mini wando, ni da nake ɗinke na wasu. Hayaƙin itace yana bin iska, lokacin hunturu kuma ƙura tana sauka a kofi in ba ka rufe da hannu ba. Daren da siyasa ta yi zafi, Baba yakan manta da kasko, sai ka yi ta kiran yaron. Mata ba sa zama, sai dai su aiko a zuba musu a fulas. Yana karɓar tiransifa, amma fuskarsa ta fi sakewa in ka miƙa tsaba. Kada ka zo da hular jam'iyya kana tsammanin ragi. Na ga wani mai neman kansila ya ce a ba kowa shayi a kansa, Baba ya ce to, amma a fara biya.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne tsakanin tara da sha ɗaya na dare, ranar da ba ƙwallon Turai. Jiya da na je na tarar ya sauya leda, sabuwa fil, mai zanen furanni. Gabana ya faɗi, na ce, "Baba, ina fastocin?" Ya ɗaga gefe ya nuna mini suna nan, har ya bar fili a kusurwar dama. Ya ce masu zuwa ma za su buƙaci wurin kwanciya, sannan ya tambaye ni ko yau ma ƙwai biyu ne.