Famfon Ƙafa Mai Geji a Gwajin Kimiyya na Ɗaliban Sakandare

Famfon da zan yi bayani a kansa shi ne na busa taya, irin wanda direbobi ke ajiyewa a but ɗin mota, mai silinda biyu a jere, da matakin ƙarfe, da baƙin tiyo, da geji a gefe wanda ke auna ƙarfin iska har psi 100, wato kusan bar 7. Ana samun irinsa a wajen masu kayan gyaran mota, kuma kuɗinsa ya ɗara na famfon keke amma bai ko kusanci na injin busa taya mai aiki da lantarki ba. Mun saye shi ne domin JETS, wato ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere ta makarantar da nake koyar da fizis a Kano, bayan ɗalibai sun kawo shawarar ƙera ƙaramar igwa mai harba ƙwallo da matsattsiyar iska don baje kolin kimiyya.

Tsarin da suka zana na bututun PVC ne, irin wanda ake jan ruwa da shi a gidaje, kuma ban amince da shi ba. Ruwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, saboda haka idan bututun ruwa ya tsage, tsiyaya kawai zai yi. Iska kuwa tana matsuwa ta tara ƙarfi, kuma idan PVC ya gaza riƙe ta, tarwatsewa yake yi gutsi-gutsi masu kaifi, musamman wanda ya sha rana a bakin shago. Masu ƙera bututun da kansu suna gargaɗin kada a tara iska a cikinsa. Sai muka koma ga rokar ruwa, wadda ke koyar da darasin da ake nema: robar lemo mai gas, wadda dama an yi ta ne don ta jure matsi, da ruwa kimanin sulusinta, da toshiyar roba ta ɗakin gwaji da aka soka wa bawul ɗin tsohon tub na taya.

A wannan aiki gejin ne ya biya kuɗin famfon. Da famfon keke marar geji, yara za su yi ta bugawa ne har toshiya ta fita, su yi shewa, su watse ba tare da sun rubuta komai ba. Da wannan kuwa, ɗaya yana takawa, ɗaya ya durƙusa yana karanta allura, na uku yana rubuta lambar da ta kai kafin roba ta tashi, sannan a auna nisan da ta yi da tef. Daga nan ne na samu hanyar bayyana musu abin da suka daɗe suna haddacewa saboda jarrabawar WAEC. Geji yana nuna abin da ya ƙaru ne a kan nauyin iskar da ke kewaye da mu, wanda ya kai psi 14.7 a daidai gaɓar teku, don haka idan allura ta kusa 15, iskar da ke cikin robar ta ninka ta waje sau biyu ke nan. Da suka ƙara ruwa, wurin iska ya ragu, sai suka lura da kansu cewa taku kaɗan ya isa ya kai allura inda take kaiwa a da. Wannan ita ce alaƙar matsi da girman mazubi da Robert Boyle ya wallafa a 1662. Tashin robar sama yayin da ruwa ke fita ta ƙasa kuma shi ne doka ta uku ta Isaac Newton, ta 1687, wadda ke cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka baya da ƙarfi daidai da naka. Wata ɗaliba ta taɓa silinda bayan an ɗan jima ana takawa, ta ce, "Malam, ai ya yi ɗumi," kuma wannan ya buɗe mana maganar yadda iska ke zafi idan an matse ta.

Takawar ba ta da wuya, ɗalibin aji ɗaya ma yana iya yi, kuma silinda biyun suna cika robar lita ɗaya da rabi cikin ɗan lokaci.

Babban aibinsa shi ne gajartar tiyo. An yi shi ne don mai tsayuwa kusa da taya, bai kai tsawon hannu biyu ba, alhali a wannan gwaji ana so mai takawa ya yi nesa da robar da taku da yawa. Sai da muka kai shi wajen mai faci ya haɗa masa ƙarin tiyo ya ɗaure da kilif, kuma ina ganin duk malamin da zai saya ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Bakin da ke kama bawul ma yana sakin iska idan ba a danne maƙallinsa sosai ba. Rubutun gejin ƙanana ne, layukan sun cunkushe a ƙasa da psi 20, inda muka fi buƙatar karatu daidai, kuma allurar tana rawa a kowane taku, sai an dakata ta tsaya. Da mai facin ya gwada shi da nasa gejin a kan taya ɗaya, an sami ɗan bambanci, wanda ba ya ɓata kwatanta harbi da harbi tun da geji ɗaya ake amfani da shi, amma ya isa a gaya wa ɗalibai kada su ɗauki lambar a matsayin ma'auni na ƙarshe. A filin yashi yana zamewa, sai an sa katako a ƙarƙashinsa, kuma ƙurar hunturu tana shiga sandunan silinda, dole a riƙa gogewa ana ɗiga mai.

Duk da haka ina ba malaman kimiyya shawarar sayensa, bisa sharaɗin kada lambar 100 da ke jikin gejin ta ruɗi kowa. Mun liƙa jan tef a kan 40, wanda ya ɗan ɗara iskar tayar ƙaramar mota, muka kafa doka cewa allura ba ta wuce shi, ba a amfani da robar ruwan sha mai laushi ko wadda ta karce, kuma babu mai leƙa robar da ta ƙi tashi sai an cire bakin tiyo daga wajen famfo iska ta fita. Kafin a biya kuɗi a kasuwa, a toshe bakin tiyon da yatsa a taka sau biyu ko uku, a ga ko allura ta hau ta tsaya, domin wanda aka fara miƙo mana allurarsa ba ta motsa ba sam, sai da mai shagon ya canja mana wani.